Muhawara: Wace tiransista za ta maye gurbin C2625 a na'urar ba da wuta ta kwamfuta?

Mai_Koyon_Gyara:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana masu wannan sana'a. Ina da matsalar da ta hana ni sakat kwana uku ke nan, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gabanku kafin in ƙara ɓarnar kaya. An kawo mini tsohuwar na'urar ba da wuta ta kwamfutar tebur, irin ta ATX mai wat 300, wadda TL494, ƙaramin IC (haɗaɗɗiyar da'ira) mai sarrafa bugun wuta, ke tuƙawa. Da na buɗe ta sai na tarar fiyus ya yi baƙi ƙirin daga ciki, manyan tiransistoci biyu da ke manne da ƙarfen sanyaya kuwa, waɗanda aka rubuta C2625 a jikinsu, duk sun yi shot, wato sun haɗe kai tsaye, tsakanin kolekta da emita, biyu daga cikin ƙafafun tiransista uku (ta ukun ita ce bes, mai karɓar tuƙi). Ban samu irinsu ba, don haka na sa 13007 guda biyu, na canza fiyus, na kunna. Fanka ta juya, mita ta nuna 12V da 5V daidai, amma da na jona mata lodi, wato kayan da ke jan wuta, ba ta yi minti goma ba sai na ji ƙara, sababbin ma suka tafi. Abin da ke hannuna yanzu shi ne 13009 guda biyu da IRF840 guda huɗu, waɗanda su MOSFET ne, wani nau'in tiransista dabam. A fahimtata, 13007 ta mutu ne saboda amfiya 8 take ɗauka alhali ta asalin 10 ce, saboda haka 13009 mai amfiya 12 za ta raba gardama. Shin wannan lissafi daidai ne? Kuma wace ƙa'ida kuke bi idan lambar asali ta gagara samuwa?

Malam_Dalma:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ɗaura na uku tukuna. Tiransistar da ta yi shekaru tana aiki ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kuma wadda ta mutu cikin minti goma tana gaya maka cewa abin da ya kashe ta farkon yana nan bai tafi ba. Ka bi hanyar da ta taso daga ƙaramar taransfomar tuƙi zuwa bes na kowace tiransista. Za ka ga ƙaramar kafasita, dayod ɗaya ko biyu, da rezistoci 'yan kaɗan, ciki har da wata mai ƙaramar ƙima ƙwarai da ke daf da ƙafar bes. Ka ciro su ɗaya bayan ɗaya ka auna su a waje, domin aunawa a kan allo tana yaudara. Bayan haka sai mu yi maganar lamba.

Injiniya_Kolekta:
Na yarda da Malam Dalma, amma tunda ka tambayi ƙa'ida bari in ba ka yadda nake yi. Abu na farko shi ne ka gane cikakkiyar lambar. C2625 ita ce 2SC2625, domin masu bin tsarin lambobi na Japan sukan yar da "2S" idan za su rubuta a jikin kaya saboda ƙarancin wuri. A wannan tsari 2SA da 2SB na nufin tiransista nau'in PNP, 2SC da 2SD na nufin nau'in NPN, 2SK kuma MOSFET ce ko makamanciyarta mai tashar N. Da cikakkiyar lambar za ka nemo takardar bayanai, kuma takardar ce alƙali, ba abin da mai sayarwa ya faɗa ba.

A takardar, 2SC2625 tana jure 400V tsakanin kolekta da emita, tana ɗaukar 10A, ana kuma ba ta 80W. MJE13007, wato 13007 ɗinka, tana da 400V, 8A da 80W, MJE13009 kuwa 400V, 12A da 100W. Ka ga ke nan a ɓangaren ƙarfin wuta duk ukun tafiyarsu ɗaya, kuma wannan shi ne abin da nake fara dubawa kafin amfiya. Dalili shi ne idan karant ya ɗan zarce iyaka tiransista zafi take yi, takan ba ka lokaci, amma idan ƙarfin wuta ya zarce iyaka a take take fashewa. A irin tsarin na'urarka, inda tiransistoci biyu ke karɓa-karɓa, kowace ba ta ganin fiye da wutar da ke kan manyan kafasitoci, wato wajen 325V idan wutar shiga 230V ce, saboda haka 400V ta wadatar. Bayan ƙarfin wuta sai karant, sai saurin kunnawa da kashewa, sai hFE, wato sau nawa karant ɗin kolekta ke ninka na bes, sai siffar jiki da jerin ƙafafu. Duk wanda ka tsallake a cikinsu zai iya dawo maka da aikin.

Gaggawa_07:
Ni a ganina tunda yana da IRF840 har guda huɗu, ya sa su kawai ya huta. Tana jure 500V, ta fi duk waɗanda aka lissafa, kuma kowa ya san MOSFET ta fi sauri, ba ta kuma zafi kamar tsofaffin tiransistocin nan. Na'urorin zamani duk ita suke amfani da ita.

Injiniya_Kolekta:
A'a, ɗan'uwa Gaggawa, wannan shawarar za ta ƙone masa allo. Gaskiya ne na'urorin zamani MOSFET suke ɗauka, amma an zana su ne tun daga tushe domin ta. Tiransista irin 2SC2625 karant take buƙata a bes, kuma ƙarfin wutar da ke tsakanin bes da emita ba ya wuce bolt ɗaya da 'yan kai. IRF840 kuwa ba ta fara buɗewa sai get, wato ƙafar tuƙinta, ya kai tsakanin 2V da 4V, ba ta kuma buɗe sosai sai wajen 10V. Taransfomar tuƙin da ke cikin wannan na'ura an naɗa ta ne domin ta ba da karant a ƙaramin ƙarfin wuta, har ma akwai wani naɗi a cikinta da ke ɗibar karant ɗin kolekta yana mayar da shi bes domin ƙara tuƙi. Idan aka ɗora MOSFET a wurin, ko dai ta ƙi buɗewa sam, ko ta buɗe rabi-rabi ta yi zafin da zai kashe ta. Jerin ƙafafun ya yi kama, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma cikin ba ɗaya ba ne.

Gaggawa_07:
Na gode da gyara, Injiniya. Ban yi la'akari da ɓangaren tuƙin ba, na janye maganata.

Hajiya_Osiloskof:
Akwai tambayar da ba a yi wa Mai Koyo ba: shin 13007 ɗin da ya sa na gaske ne? Lambobin 13003 zuwa 13009 kamfanoni da yawa ne ke yin su, kuma jabu sun yi yawa a cikinsu. Na taɓa gyara wata na'ura sau biyu tana dawowa, alhali na auna komai na ga lafiya. A karo na uku sai na ɗauki wadda ta mutu na matse ta a bakin filaya har baƙin jikin ya tsage, na yi wa wata tsohuwa da na ciro daga mataccen allo haka nan, na jera su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwayar silikon da ke cikin tsohuwar ta kusa ninka ta sabuwar sau uku a faɗi, wayoyin da suka haɗa ta da ƙafafu ma sun fi kauri a fili. Rubutun jikinsu iri ɗaya ne, mita kuma ta nuna duk biyun lafiya lau, domin mita da ɗan ƙanƙanin karant take gwaji, ba ta iya gaya maka abin da zai faru a amfiya huɗu. Tun daga ranar, idan na samu tsohuwar tiransista mai lafiya daga allon kamfani na ƙwarai, nakan fifita ta a kan sabuwar da ban san asalinta ba. Ka fasa ɗaya daga cikin matattun naka ka gani da idonka.

Baba_Mai_Rediyo:
Maganar Hajiya gaskiya ce. Wata alama kuma ita ce hFE. Tiransistocin babbar wuta masu aikin kunnawa da kashewa ba su da hFE mai yawa. Takardar MJE13007 ta ba da tsakanin 8 da 40 a amfiya 2. Idan ka sa wata a mita ka ga tana nuna ɗari da wani abu, to ka yi shakkar abin da ke cikinta, mai yiwuwa ƙwayar wata tiransistar ce dabam aka lulluɓe da wannan lamba.

Sukurudireba:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne jikin. 2SC2625 a babban jiki take zuwa, wanda ake kira TO-3P, tazarar ƙafafunta kusan milimita 5.5 ce, ita kuwa 13007 ta yau da kullum TO-220 ce mai tazarar milimita 2.54. Mai Koyo, yaya ka yi ka zaunar da ita? Wasu allunan suna da ramuka na duka biyun, wasu kuwa sai an tanƙwara ƙafafu. Sannan bayan ƙarfe na duka biyun a haɗe yake da kolekta, wato yana ɗauke da babbar wuta, kuma tiransistocin biyu ƙarfen sanyaya ɗaya suke rabawa. Dole ne a samu maika ko shimfiɗar roba mai hana wuta wucewa a bayan kowace. Bambancin da mutane ke mantawa shi ne ramin sukurun TO-220 a cikin ƙarfe tsirara yake, don haka sai an sa masa ɗan zoben roba mai wuya, in ba haka ba sukurun da kansa zai haɗa kolekta da ƙarfen sanyaya. Ko da ka yi duk wannan daidai, ƙaramin jiki ƙaramin fili yake da shi na miƙa zafi ta cikin maikar. Akwai 13009 da ake yi a babban jiki irin TO-3P; idan za ka samu wannan, ita ce za ta zauna a gurbin ba tare da dabara ba.

Mai_Koyon_Gyara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Sukurudireba, allon yana da ramuka na duka biyun, kuma na sa shimfiɗar robar da zoben, na auna tsakanin kolekta da ƙarfen sanyaya ban ga haɗuwa ba. Sai dai ban shafa man sanyaya ba, kuma shimfiɗar tsohuwar ce na mayar, ta ɗan taurare. 13009 ɗin da ke hannuna ma TO-220 ne. Zan bi shawarar Malam Dalma in ciro kayan bes yau da dare.

Caja_da_Adafta:
Ku ba ni dama in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Adaftar kwamfutar hannu ce mai 19V, MOSFET ɗinta 7N65 ta yi shot, na sa IRF840 saboda na ga 8A ta fi 7A. Ta yi aiki kwana biyu, a na uku ta fashe tare da rezistar da ke ƙafar sos, takwarar emita a MOSFET. Har yanzu ban gane inda na kuskure ba, tunda Injiniya ya ce wutar kan kafasita 325V ce kawai, ita kuma IRF840 tana jure 500V.

Injiniya_Kolekta:
Abin da na faɗa ya shafi tsarin tiransistoci biyu ne, naka kuwa tsari ne na tiransista ɗaya, kuma lissafinsu ya sha bamban. A adafta irin taka, lokacin da MOSFET ta rufe, wutar ɓangaren fita takan dawo ta cikin taransfoma ta hau kan wutar kafasita, sau da yawa da wajen 100V ko fiye. A kan wannan kuma akwai wani tsini na ɗan lokaci kaɗan da ke tasowa daga maganaɗisun da bai tsallaka ɗaya naɗin ba. Ka tara 325 da 100, ka ƙara tsinin, za ka ga ka isa bakin 500 ko ka haura, kafin ma wutar layi ta ɗan ɗaga. Shi ya sa mai zanen ya sa 7N65: lambar 65 ɗin tana nufin 650V. Ka ba da 150V domin ka sami amfiya ɗaya da ba ka buƙata. Kafin ka sa wata, ka duba dayod da rezista da kafasitar da ke rataye a kan naɗin farko na taransfoma, su ne ke danne wannan tsini, ka kuma ɗauka cewa ƙaramin IC mai tuƙi ya ji rauni, domin idan diren, takwarar kolekta a MOSFET, ya haɗe da get babbar wuta takan bi ta nan ta same shi.

Wannan darasi yana cikin na'urar Mai Koyo ma. A gefe akwai ƙaramin sashen da ke ba da 5V na jiran aiki, kuma a yawancin irin waɗannan na'urori tiransista ɗaya ce ke tuƙa shi, wani lokaci C5027, wadda amfiya 3 kawai take ɗauka amma tana jure 800V. Wanda ya cire ta ya sa 13009 saboda 12 ta fi 3 ya rage ƙarfin juriyar da rabi.

Babban_Lodi:
To idan haka ne, mafita ita ce a riƙa sa wadda ta fi ta asali a komai, ƙarfin wuta da amfiya duka. Ni haka nake yi shekara da shekaru. Inda na ga ƙaramar MOSFET nakan sa babba idan wuri ya isa, kuma ban cika samun aikin da ya dawo ba.

Hajiya_Osiloskof:
Malam Babban Lodi, ban musa abin da ka gani a aikinka ba, amma girman yana da farashinsa a cikin da'irar. Kowace MOSFET get ɗinta kamar ƙaramar kafasita yake, sai an cika shi a kowane kunnawa an kuma zubar da shi a kowane kashewa, kuma gwargwadon girman ƙwayar, gwargwadon cajin da yake sha. Ka kwatanta biyu masu 500V: IRF840 tana da 8A da 0.85 om, cajin get ɗinta bai wuce nanokulom 63 ba, IRFP460 kuwa tana da 20A da 0.27 om, amma nata ya kai 210. Idan na'ura tana bugawa sau dubu ɗari a daƙiƙa, ta farkon za ta ja wajen miliamfiya 6 daga mai tuƙi, ta biyun wajen 21. IC mai tuƙi irin UC3842 zai ɗauki ƙarin zafi, kuma da yake rezistar get ɗin an zaɓe ta ne domin ƙaramar, babbar za ta riƙa jinkirin buɗewa da rufewa. A wannan ɗan tsakanin ne, lokacin da wuta da karant suke tare a kanta, ake asarar da ke zama zafi. Na taɓa ganin haka a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun wuta: gefen bugun get da ya kamata ya miƙe tsaye ya kwanta kamar gangare, babbar MOSFET ɗin kuma ta fi ƙaramar da aka cire zafi a ƙaramin lodi. Har ila yau, a ajin girma ɗaya, wadda ta fi jure ƙarfin wuta takan fi yawan om idan ta buɗe, don haka sa mai 900V a gurbin mai 600V ma ba kyauta ba ne. Abin da nake nema shi ne wadda ta yi daidai ko ta ɗara kaɗan, ba wadda ta ninka ba.

Babban_Lodi:
Na ji bayaninki, Hajiya, kuma lissafin ya shiga. Amma a inbata da manyan caja masu tuƙi mai ƙarfi ban ga wannan matsalar ba. Zan yarda cewa a ƙananan adafta maganarki ta fi tawa.

Baba_Mai_Rediyo:
Tunda an faɗaɗa, bari in ce wani abu game da tsofaffin na'urori masu babbar taransfomar ƙarfe, domin yaran yanzu sukan auna su da ma'aunin na zamani su yi kuskure. A can tiransista ba kunnawa da kashewa take yi ba, tsayawa take a tsakiya tana shanye rarar wuta ta mayar da ita zafi. Ka ɗauki na'urar teburin gwaji da ke da 40V a kan kafasita, ka saita ta a 5V, ka ja 3A. Rarar 35V sau 3A ta ba da 105W a kan tiransistar. Mutum zai duba takardar 2N3055 ya ga 15A da 115W ya ce akwai sauran wuri, alhali 115W ɗin nan sai idan jikinta yana kan digiri 25 ne, abin da ba ya faruwa a cikin akwati. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen 0.66W, saboda haka a digiri 75 abin da ya rage mata bai fi 82W ba. Shi ya sa ake jera biyu ko huɗu, kowace da ƙaramar rezista a emita domin su raba kayan daidai. Wanda ya maye ta da TIP3055 kuma ya sani cewa 90W ce, jikin roba ne, ba ta kai ta ƙarfen jure zafi ba. 2N3773 mai 140V da 150W ta fi dacewa idan ana son ƙari.

Akwai kuma zanen da ke cikin takardar bayanai mai suna SOA, wanda ke nuna karant nawa tiransista za ta iya ɗauka a kowane ƙarfin wuta. Amfiyar da aka rubuta a shafin farko a ƙaramin ƙarfin wuta ne kawai take aiki. Wani abin da na gani da idona shi ne 2N3055 da kamfanin RCA ya fara yi a farkon shekarun 1960 a hankali take aiki, waɗanda ake yi daga baya da wata hanyar ƙira sun fi ta sauri nesa, kuma idan aka sa sabuwa a tsohuwar da'ira wani lokaci takan kama rawa da kanta a bugu mai yawa, ta yi zafi ba tare da lodi ba. Lamba ɗaya ce, hali ya bambanta.

Malam_Dalma:
Baba ya kawo ilimi mai amfani, Allah ya ƙara lafiya. Amma mu koma kan Mai Koyo, domin ina tsoron ya sake kunnawa kai tsaye. Ɗan'uwa, duk abin da ka sa, ka fara gwada shi ta cikin kwan fitila mai zare na 100W, a jere da layin shiga. Idan lafiya, kwan zai haska sau ɗaya lokacin da kafasitoci ke cika sannan ya dushe. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai shot, kuma kwan ya ceci tiransistocinka. Kada ka ɗora babban lodi alhali kwan yana kan layi. Kafin ka taɓa allon kuma ka sauke cajin manyan kafasitoci ta cikin rezista, ka tabbatar da mita, domin sukan riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an zare filogi.

Mai_Koyon_Gyara:
Ga abin da na samu. Ƙananan kafasitocin bes guda biyu an rubuta 10µF a jikinsu. Ɗaya ta nuna kusan 8, ɗayar kuwa ba ta kai 1 ba, kuma da na ciro ta na ga robar gindinta ta kumbura, allon ƙarƙashinta ya yi launin ƙasa-ƙasa saboda tana jingine da ƙarfen sanyaya. Rezistar 2.2 om ta wannan ɓangaren ta buɗe, sai dai ban sani ba ko tun farko ne ko fashewar ta biyu ce ta ƙone ta. Ɗaya daga cikin ƙananan tiransistocin C945 biyu da ke tuƙa ƙaramar taransfoma ita ma tana yoyo. Na fasa 13007 ɗaya kamar yadda Hajiya ta ce, amma ba ni da ta gaske da zan kwatanta, don haka ban iya yanke hukunci ba. Ina da BC547 da yawa, ko za su zauna a gurbin C945?

Injiniya_Kolekta:
Wannan kafasitar da ta bushe ta isa ta bayyana mutuwar duka biyun. Aikinta shi ne ta tura karant da ƙarfi a farkon kunnawa, sannan a lokacin kashewa ta ja bes zuwa ƙasa da sifili domin a kwashe cajin da ya taru a ciki da sauri. Tiransista irin wannan ba ta rufewa nan take idan an janye tuƙi, takan yi jinkiri na 'yan mikrodaƙiƙa, kuma jinkirin yana ƙaruwa da zafi da kuma lodi. Idan ta sama ba ta gama rufewa ba ta ƙasa ta buɗe, to 325V ta samu hanya kai tsaye ta cikinsu. TL494 yana barin ɗan rata tsakanin bugun biyu saboda wannan, amma ratar tana da iyaka. Ka lura cewa na'urarka ta yi aiki babu lodi, ta mutu bayan ta ɗumama da lodi. Alamar ta dace sarai. Da ka sa 13009 ba tare da ka canza kafasitar ba, da ita ma ta bi sahu, wataƙila bayan minti ashirin maimakon goma.

Sukurudireba:
Game da BC547, ka yi hattara da ƙafafu. Idan ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu suna ƙasa, 2SC945 tana jere emita, kolekta, bes. BC547 kuwa kolekta, bes, emita ce, ita kuma 2N3904 emita, bes, kolekta. Jiki ɗaya, jeri uku. Za ka iya karkaɗa ƙafafun ka sa musu rigar roba, amma 2SC1815 ta fi sauƙi, domin jerinta ɗaya da C945 kuma ita ma 50V ce, alhali BC547 45V ce. Duk da haka ka tabbatar da jerin da mita, domin akwai masu yin C945 da wani jeri dabam. Ka canza biyun tare, kada ka bar tsohuwa ɗaya.

Babban_Lodi:
To yanzu da aka gano kafasita, ina nan a kan cewa 13007 ta yi ƙanƙanta wa wat 300. Mai zanen bai sa 10A a babban jiki don ado ba.

Injiniya_Kolekta:
Mu lissafa mu gani. Idan na'urar tana fitar da 300W kuma ingancinta wajen kashi 70 cikin ɗari ne, kamar yadda tsofaffin nan suke, tana jan kusan 430W. Naɗin farko rabin wutar yake gani, wajen 155V, kuma ba duk lokaci ake tuƙa shi ba, mu ce kashi 80 cikin ɗari. Karant ɗin da ke bi ta tiransista zai kama wajen 3.5A, ƙololuwarsa ta ɗan fi haka. A takarda 8A ta isa. Inda maganar Malam Babban Lodi take da ƙarfi shi ne hFE yana faɗuwa yayin da karant ke hawa. Na MJE13007 zai iya sauka har 5 a amfiya 5, kuma tiransistar da ba ta samu isasshen tuƙi ba ba ta buɗewa sosai. Ga kuma batun ƙaramin jiki da Sukurudireba ya kawo. Don haka ni ma 13009 zan zaɓa, amma ba don 13007 ce ta jawo fashewar ba.

Hajiya_Osiloskof:
Ni ban gamsu an wanke 13007 ɗin nan ba tukuna, tunda ba a tabbatar da asalinsu ba, kuma idan daga wuri ɗaya aka samo su da 13009 ɗin da ke hannunsa, shakkar ta shafe su duka. Mai Koyo, ka auna hFE na biyun kafin ka ɗaura, ka ga ko suna kusa da juna kuma suna cikin iyakar takarda. Ka kuma auna wutar kan manyan kafasitoci biyu masu 200V ɗin nan. Ya kamata su raba ta kusan daidai, wajen 160V kowace. Idan ɗaya ta fi ɗaya da nisa, ka duba rezistocin da ke rataye a kansu. Kada ka manta da dayod masu sauri da ke tsakanin kolekta da emita na kowace tiransista, kuma idan za ka canza su kada ka sa 1N4007, ka nemi FR107 ko wanda ya fi shi.

Mai_Koyon_Gyara:
Na canza kafasitocin bes duka biyu da masu jure digiri 105, na canza rezistar, na sa C1815 biyu, na ɗaura 13009 da sabuwar shimfiɗa da man sanyaya. Mita ta ba ni hFE 21 da 24. Kwan fitila ya haska ya dushe, kafasitoci sun nuna 158V da 161V. Bayan na cire kwan na ɗora lodin kwan mota biyu a layin 12V da rezista a layin 5V, ta yi awa ɗaya ba ta mutu ba. Da na zare filogi na sauke caji, na taɓa ƙarfen sanyaya na ji shi da zafin da yatsa ke iya jurewa na daƙiƙa biyar ko shida. Ban sani ba ko wannan zafin ya yi yawa ga lodin da bai kai rabin ƙarfinta ba.

Malam_Dalma:
Yatsa ba ma'auni ba ne, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da digiri 55 zuwa 60. Shin murfin yana rufe lokacin gwajin? Idan a buɗe yake, iskar fanka ba ta bi ta kan ƙarfen ba, kuma hakan kaɗai zai iya ƙara zafin. Ka rufe, ka maimaita, ka auna da ma'aunin zafi na mitarka bayan ka kashe.

Babban_Lodi:
Idan a rabin lodi ta kai haka, ni zan nemo mai babban jikin kafin in mayar wa mai ita. Ka gaya mana wat nawa ne kwan motar da ka sa, da ƙimar rezistar da ke kan 5V, domin mu san ainihin lodin da muke magana a kai.